Alamar Yatsu Uku

Shekara tara cif Rudaina ta yi tana jiran Nayif, ɗan ƙanwata Fidda. Ba labari aka ba ni ba. Ni na kai shi zauren mahaifinta karon farko, ni kuma na fito da shi kansa a sunkuye.

A lokacin ba shi da komai sai rigar jikinsa da aikin wanke tukwane a wani otal a Amman. Maraya ne, ubansa bai bar masa ko gurguwar tunkiya ba.

Abu Miskal, mahaifin yarinyar, ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya juyo gare ni, ni Auda da ake yi wa alkunya da Abu Barakat.

"Abu Barakat, 'yata ba za ta auri mai kankare ƙanzon wasu ba. Amma ni ba na rufe ƙofa da ƙusa. Ranar da yaron nan ya tsaya ƙarƙashin rufin kansa, ya kira ni in ci abincinsa. In na ci, ya zo ya sha gahawata."

A wurinmu shan gahawar shi ne an ba ka aure, amma duk wanda ke zauren ya san kora da hali ce. Nayif kaɗai ya ɗauke ta alkawari.

Ya koma. Shekara biyu yana wanke-wanke har fatar hannunsa ta yi fari ta tsattsage. Daga nan aka ba shi wuƙa da buhun albasa. Daga albasa ya tafi Aƙaba gasa kifi, daga Aƙaba ya haye Dubai, ya yi shekara uku ƙarƙashin wani babban kuku mai jifan yaransa da murfin tukunya. Da ya dawo sai ya kama wani ɗan shago mai tebur huɗu kusa da tashar mota. Kafin ka ce kwabo layi ya kai bakin titi. Shago ya zama gidan abinci, gida ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama uku. Mutum arba'in ke ci a ƙarƙashinsa, kowa na ce masa maigida.

Ita kuwa tana nan ƙauyenmu na bayan Karak, tana korar manema kamar mai korar kaji daga shanya. Wanda ya fi naci shi ne Hazza, ɗan baffanta, tsohon soja mai manyan motoci biyu. A wurinmu ɗan baffa shi ne kan gaba, kowa ya sani. Sau uku yana aikowa, sau uku tana cewa, "Hazza yayana ne, kuma yayana zai zauna."

Ƙawayenta suka yi aure, suka haihu, suka yaye. Ita sai tumaki goma sha biyun da mahaifiyarta Wadha ta bar mata.

Duk ƙarshen sanyi, in ciyawa ta fito hantsa ta cika, za ka same ta a bayan gida tana aikin jamid, busasshen nonon tumaki da muke romo da shi. Ta kaɗa nono ta cire mai, ta tafasa, ta tace a buhu, ta cuɗa da gishiri da hulba da wani ganye da ba ya fitowa sai a kwarin bayan garinmu. Ta dunƙula, ta shanya a inuwa har ya koma dutse. Kafin ya bushe takan danna masa yatsu uku a ka. Alamar uwarta ce, ita ma a wurin tata uwar ta gada.

Gidan nan kuwa yana da rantsuwa. A shekarar babbar yunwa kakan Abu Miskal ya ga mutane suna sayar wa maƙwabtansu nono alhali yaran maƙwabtan na mutuwa. Ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a ya ce nonon gidansa ba zai taɓa haɗuwa da kuɗi ba har zuriyarsa ta ƙare. A da can kowa ma kunyar sayar da nono yake ji. Yanzu duniya ta saki, an cika kasuwa da shi. Gidan Abu Miskal ne kaɗai bai saki ba. Ka zo ka sha, ka ɗauka ka tafi da shi, amma kada ka kuskura ka sa hannu a aljihu.

To, ranar wata Litinin Nayif ya kira Abu Miskal cin abinci a sabon gidansa, wanda ke kan tudu, bangonsa duk gilashi. Muka tafi mu uku, har da Hazza, wai shi zai tuƙa baffansa.

Na riga na karanta wa yaron komai, kuma bai bar ko ɗaya ba. Ya yanka rago da hannunsa. Aka kawo mansaf a faranti mai faɗin tabarma, shinkafa a kan gurasa, nama a kan shinkafa, kan ragon a tsakiya don baƙo ya san dominsa aka zubar da jini. Shi kuma ya tsaya a gefe riƙe da ludayi yana zuba romon jamid, bai sa hannu ba, kamar yadda mai masauki ke yi.

Hazza ya kalli farar hularsa ya yi dariya.

"Sarkin Tukwane! Wannan hula taka ai sai a hau a kira sallah. A ciki kake ajiye albasar?"

"Bismillah, Yaya Hazza. Ci ka ƙoshi, ka ga hanya da nisa."

Muka tsaya kewaye da faranti, hannun hagu a baya. Abu Miskal ya naɗe hannun riga, ya dunƙula loma ya jefa a baki.

Ya tauna sau biyu. Ya tsaya.

Ya sake dunƙula wata, wannan karon a hankali, ya riƙe ta a baki kamar mai sauraren kira daga nesa.

"Yaro, wa ya ba ka jamid ɗin nan?"

"Daga Karak ne, Baffa."

"Ban tambaye ka gari ba. Hannu na tambaye ka."

Romo na ɗiga daga ludayi zuwa takalmin Nayif bai sani ba.

"Shekara goma sha ɗaya da na sa Wadha a rami," in ji tsohon, muryarsa ƙasa-ƙasa, "yau ga hannunta a bakina a tsakiyar Amman. Ta yaya?"

Hazza bai jira amsa ba. Ya ture yaran gidan ya kutsa cikin kicin kamar na ubansa. Can sai ga shi ya fito riƙe da dunƙule guda, an goge rabinsa. Ya aje shi a bakin faranti, ya juya shi yadda kowa zai gani.

Yatsu uku.

"Kabad guda, Baffa! Cike, an sa masa kwaɗo kamar zinariya." Ya miƙa hannu yana nuna sauran teburan, inda baƙin fuska ke zaune da cokula, har da masu gajeren wando da na'urar ɗaukar hoto a wuya. "Kai, mai ludayi, faɗa wa baffana. Waɗancan ma shi suke ci?"

Abu ɗaya zan shaidi yaron nan da shi har gaban Allah: ba ya ƙarya in an tsare shi da ido.

"Kaɗan nake gogawa a kowace tukunya," ya ce. "Tafin hannu ɗaya. Shi ke ɗaga sauran."

"Tun yaushe?"

"Tun shagon tasha."

Abu Miskal ya karkaɗe hannunsa a kan faranti. Loma biyu ya yi, ya ja da baya. Wanda ya san mu ya san mari ya fi wannan sauƙi.

"Na ce in na ci ka zo. To, na ci. Alkawari kaya ne, ni kuma ban saba yar da nawa a hanya ba. Juma'a bayan an sauko masallaci, ku zo."

Ya fita bai waiwaya ba. Hazza ya ɗauke dunƙulen ya jefa a aljihu, ya bi shi yana fito.

Washegari da hantsi Rudaina ta zo gidan ƙanwata Fidda, domin ta ji ni da Nayif mun biyo su ƙauye mun kwana a can. Ashe duk shekarun nan Fidda ce ke ɗaukar kwando a rufe tana kai wa ɗanta. Da ta ga yarinyar ta shigo sai ta shige ɗaki tana kuka tana cewa ita ta jawo. Ni na zauna a dokin ƙofa da carbina, don kada a ce an bar su su kaɗai.

Ba ta zauna ba. Ta tsaya a gindin zaitun, mayafinta a ja har gira.

"Rudaina..."

"Kada ka kira sunana tukuna, ɗan Inna Fidda. Ban san nawa kake sayar da shi ba."

"Don Allah ki saurare ni."

"Shekara tara nake saurarenka. Jiya Baba ya shigo bai yi mini faɗa ba. Da ya zage ni da na ji sanyi. Ya aje dunƙulen a gabana, ya ce, 'Uwarki ce wannan ko ke?' Ya shiga ɗaki ya rufe. Har yanzu ko ruwa bai sha ba."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Aika maka da na yi a ɓoye, wannan laifina ne, na ɗauka. Tunanina kana can cikin baƙin mutane, ba uwa ba ƙanwa, kana cin abin da aka rage. Na ce bari ya riƙa jin ɗanɗanon gida. Guda goma na fara aika maka. Ka tuna?"

"Na tuna. A tsumma mai shuɗin zare."

"Na farkon, wanda na fara dannawa da sunanka a bakina, ya ka ji shi?"

Nayif ya sunkuyar da kai.

"Na tambaye ka. Ya ka ji shi?"

"A lokacin... babban kukun otal ya ce duk wanda ya dafa abin da ya burge shi zai cire shi daga wanke-wanke. Ba ni da komai sai shi. Na jiƙa, na dama, na dafa masa. Ranar ya ba ni wuƙa. Rudaina, wallahi da ba don ke ba da har yau ina gaban famfo."

"Kai fa? Ka ci?"

"Na ɗanɗana. Dole mai girki ya ɗanɗana."

"A bakin cokali."

"A bakin cokali."

Ta yi wata dariya da ta fi kuka ciwo.

"Na biyun fa? Na goman fa? Na shekarar da ta biyo? Ka taɓa zama kai kaɗai, ka dafa, ka ci ka ƙoshi, ka ce wannan Rudaina ce ta yi mini?"

"Ba ki san kicin ba. Ba a zama. A tsaye muke ci, in ma an ci. Kuma ina ganin asara ce in cinye abu irin wannan ni kaɗai..."

"Asara!"

Ta fito da hannayenta daga mayafi ta miƙa masa. Ni kaina sai da na kau da kai. Duk gaɓoɓin yatsun sun tsage, gishiri ya cinye gefen farce.

"Dubi asara. Shekara ta bakwai ka aiko Inna ta ce mini baƙi sun yi maka yawa, in ƙara. Na ƙara. Ta takwas ka ce in ninka. Na hana 'yan raguna nonon uwarsu, na yaye su da wuri suna kuka ina kuka. Ina murna, ina cewa mijin da zan aura mai buɗaɗɗen hannu ne irin kakana, gidansa ba ya rabo da baƙi."

"Ai baƙi ne..."

"Baƙon da ake kai wa takarda kafin ya tashi? A gidan wa ka ga an yi haka?"

"To me kike so in yi?" Muryarsa ta ɗaga, shi ma idonsa ya kawo ruwa. "Mahaifinki ya ce in tsaya ƙarƙashin rufina. Da me zan gina rufin? Da addu'a? Amman cike take da masu mansaf, kowane lungu akwai goma. Abu ɗaya ne ya bambanta ni da su. Duk tubalin da na ɗora, dominki na ɗora. Dubi nawa hannun, ga ƙuna, ga yanka. Ni ma ban kwanta a kan auduga ba."

"Ka san rantsuwar gidanmu ko ba ka sani ba?"

Ba ta jira shi ba.

"Kawu Auda," ta juyo gare ni, "akwai yaron da aka haifa a garin nan da bai san ta ba?"

Na ce, "Babu, 'yata."

"Na sani," in ji Nayif. "Na ce a raina ai ba ke kika sayar ba, ni ne. Kuma in mun yi aure, nawa naki ne, maganar ta mutu."

"Shi ya sa ba ka taɓa gaya mini ba? Mai gaskiya ba ya sa wa kabad kwaɗo."

Ta share fuska da gefen mayafi. Da ta ɗago, muryarta ta yi laushi, irin laushin da ke ba ni tsoro a bakin mace.

"Nayif, na kai talatin. Ban iya son wani ba, ban koya ba, kuma na tsufa da koyo. Ko yanzu da nake tsaye zuciyata roƙona take in yafe. To zan yafe. Abu ɗaya nake nema. Abin da ya rage a kabad ɗin nan, kada ƙwaya ɗaya ta sake shiga tukunyar sayarwa. Daga yau. Ka kwaso shi ka kawo ranar Juma'a, ka aje gaban Baba. Ni zan san yadda zan yi da shi."

Na ce a raina, yaro, ga ƙofa an buɗe maka, faɗa ciki da gudu.

Sai na ji ya ce, "Daga... yau?"

"Daga yau."

"Akwai wani biki jibi Alhamis. Mutum ɗari shida. Tun wata uku suka kama ranar, kuma don wannan ɗanɗanon suka zo wurina. Ki bar ni in fita wannan kawai, daga nan..."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Na faɗi tawa," ta ce. "Kawu, a gaida gida."

Ta fita. Ko ƙarar takalminta ban ji ba.

Ranar Alhamis na bi shi Amman da kaina, don na san halin ɗan yau. Abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Na sa aka aje mini kujera a kicin, kusa da kabad ɗin.

Gaskiya ya yi ƙoƙari. Tun safe ya aika aka sayo jamid mafi tsada a kasuwa. Manyan tukwane takwas suna tafasa, yara na guje-guje, shi yana tsakiya yana ba da umarni kamar sarkin yaƙi. Nan na ga abin da shekara tara ta yi masa. Ko kallon tukunya ya yi ya san abin da ta rasa.

Ya ɗebo romo a cokali ya kai baki. Ya ɓata fuska. Ya ƙara hulba, ya jira, ya sake ɗanɗanawa. Ya ƙara man shanu. Ya sake. Ya jefar da cokalin.

"Ya mutu, Kawu. Romon nan ba rai."

Na karɓa na kurɓa. "Lafiyarsa ƙalau. Ko a gidan sarki aka ba ni wannan sai in sa albarka."

"Kai ba za ka ji ba. Ni na ji."

"Su ɗari shidan ma ba za su ji ba."

"Mutum goma a cikinsu za su ji. Gobe su ce Nayif ya faɗi, ya fara ha'inci. Sunana ne a ƙofar nan, Kawu. Ka san yadda na same shi."

Ya zaro mabuɗi daga wuyansa. Ashe a wuya yake rataye shi, kamar laya.

Na ce, "Nayif, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Mayar da mabuɗin nan."

"Sau ɗaya ne. Na ƙarshe. Guda huɗu kawai, sauran duk zan kai. Wa zai sani?"

"Ni."

Ya tsaya, hannunsa a kan kwaɗo. Wallahi na ga yana kokawa da kansa, gumi na zuba daga ƙarƙashin hular. Sai wani daga cikin ma'aikata ya ƙwala kira daga ƙofa cewa motocin ango sun fara isowa.

Kwaɗo ya buɗe.

Na tashi na fita. Har na kai titi ina jin ƙarar magogi a kunnena.

Juma'a bayan an sauko, muka shiga zauren Abu Miskal mu talatin, dattawan danginmu kowa da sabuwar alkyabba. Nasu dangin na jere a ɗaya gefen, Hazza na kusa da ƙofa yana murza gashin baki. Nayif ya sa aka shigo da buhu biyu aka aje a tsakar zaure.

Miskal, wan Rudaina, ya zuba gahawa a finjali ya miƙo mini. Na karɓa na aje a ƙasa gabana, ban kai baki ba.

"Sha gahawarka, Abu Barakat," in ji mai gida, kamar yadda ake faɗa.

"Ba za mu sha ba sai an biya mana buƙatar da ta kawo mu."

"Faɗi, an ji."

Na yi salati, na yabi gidan da kakanninsa, na ce muna nema wa ɗanmu Nayif auren 'yarku Rudaina bisa sunna.

Abu Miskal ya kalli buhunan, ya kalli finjalin. Tururi na tashi daga cikinsa siriri.

"Ni na yi alkawari, kuma ban janye ba. In don ta ni ce, ku sha. Amma tumakin ba nawa ba ne, hannun da ya tsage ba nawa ba ne. Mai abu ta ba ni tambaya ɗaya ta ce in yi a gaban jama'a. In amsar ta yi, ta ce a sha gahawa." Ya juya. "Nayif. Jiya, da me ka dafa?"

Ana jin kukan tumaki a bayan gida.

Yaron ya dube ni. Ba wanda ya gani sai ni da ma'aikatansa. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da shekara tara. Ni dai na kafa idona a kan finjali, ban taimake shi ba, ban kuma tona shi ba.

"Da nata, Baffa," ya ce. "Guda huɗu."

Wani tsoho a gefenmu ya ja salati. Abu Miskal ya rufe ido, ya yi wa ɗansa alama da kai. Miskal ya shiga cikin gida.

Muka zauna. Ina kallo tururin finjalin ya rage, ya rage, ya ɗauke.

Da Miskal ya dawo, riƙe yake da ƙullin tsumma mai shuɗin zare. Ya wuce ni, ya aje shi a cinyar Nayif.

"Ta ce ta gode da ba ka yi mata ƙarya ba. Ta ce buhunan a raba wa masallaci da gidajen marayu. Wannan kuma naka ne."

Nayif ya kwance ƙullin. Dunƙule ɗaya ne. Ya juya shi, ya sake juyawa, yana neman wurin yatsun. Sumul yake kamar ƙwai.

"Ta ce wannan ba hannun kowa a kansa," in ji Miskal. "Ka sayar."

Na miƙe, jama'ata suka miƙe. Finjalin na nan a ƙasa cike, ya yi sanyi, ƙuda na zagaya bakinsa. Shekarata saba'in da huɗu, na jagoranci neman aure ya fi sau hamsin, ban taɓa barin gahawa a ƙasa ba sai a zauren nan, sau biyu, a kan yaro ɗaya.

Muna sa takalma Hazza ya matso, ya rage murya yadda ni da Nayif kaɗai za mu ji.

"Kawu Auda, a sauka lafiya. Finjalin nan kada ka damu da shi, za a ɗauraye. Juma'a mai zuwa akwai masu sha." Ya dafa kafaɗar Nayif. "In an sa rana, kai za mu ba girkin, Sarkin Tukwane. An ce ba ka da na biyu."

Na riƙe hannun yaron gam, na ja shi zuwa mota.

Bai tayar da ita ba. Sauran motocin suka fita ɗaya bayan ɗaya suka bar mu a gindin katanga. Ta saman katangar ana hango rumfar da take shanya. An kwashe komai, sai allunan kawai.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Ban taɓa jin an faɗi abin da ke faruwa in wani ya yi haƙurin, wani ya dafa, wasu can suka sha ba.

Ya daɗe yana kallon dunƙulen a tafin hannunsa. Sai kawai na ga ya kai shi baki ya gartsa. Wa ke gartsa jamid busasshe? Dutse ne. Na ji haƙori ya yi ƙara. Bai fasa ba. Ya ci gaba da gurgura har ya ɓantari ɗan guntu, jini na bin gefen bakinsa, hawaye na sauka a kan jinin. Ya tauna, ya tauna, ya haɗiye da ƙyar.

"Kawu," ya ce, muryarsa kamar ta yaron da na kai zaure shekara tara da suka wuce, "ashe haka yake da gishiri?"

Na ce, "Haka yake tun ranar farko. Kai ne dai kullum kake ƙara masa ruwa."